Ganuwar da Ba Ta Bushe Ba

"Lafiya ƙalau na tashi, amarya. Ke ce dai abin dubawa, don wadda aka kayar har sau biyu ban san ta inda barci ke kama ta ba."

"Har da minshari, tsoho. Shigo a hankali, ka kula da kwalayen nan. Kada ka yi tuntuɓe a ce ni na kashe mijina don in gaji tsohon shebur."

Tsohon ya ɗaga ƙafa ya tsallake kwali na farko, ya raɓa ta gefen na biyu, ya dafa bango ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya ajiye fulas ɗin shayinsa da kofi a kan tebur. Kakanta ne na wajen uba, magini ne da ya yi zamaninsa a kan tsani har gwiwa ta sauko da shi. Ita kuwa jikar, shi ya raɗa mata suna Kalkuleta tun tana 'yar mitsitsiya, saboda ko tsintsiya aka miƙa mata sai ta ƙirga tsinkayen kafin ta fara shara. Sunan ya bi ta har shagon da ta buɗe a ɗakin gaban gidansa, inda take gyaran kwamfuta da safe, da yamma kuma samari su cika wurin suna wasa a kan guda huɗun da ta jera.

Guda huɗun nan su ne abin da ke cin ta. Masu zuwa wasa sun haura ashirin, kujera huɗu. Ta yi ta fafutuka har ta samo wasu kwamfutoci shida, ga su nan a kwalaye an jibge har bakin ƙofa, babu inda za a kafa su. Wurin kuwa yana nan, a bayan bangon hagu: ɗakin ajiyar tsohon, wanda babu komai a cikinsa sai shebur biyu, diga ɗaya, baro marar taya, kwanon sarki goma sha ɗaya da tsatsa ta gama da su, sai gizo-gizo da iyalansa. A fasa bangon nan kawai, shago ya ninka. Sai dai bangon shi ne na farko da tsohon ya gina da sunan kansa bayan ya bar ƙarƙashin maigidansa, kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai an ja hannunsa an kai shi ya shafa, ya ji da kansa cewa babu tsaga ko ta gashi.

Da zaman gida ya ishe shi, ita ce ta koya masa wasan da samarin ke yi, wasan yaƙin mutanen da, na takobi da baka. Kowa a ba shi fili da 'yan ma'aikata, ya sari itace, ya fasa dutse, ya yi noma, ya kafa gari, ya tara mayaƙa ya tafi ya rusa garin abokin karawarsa. Tsohon bai taɓa kai wa kowa hari ba. Gini kawai yake yi. Ganuwa uku yake zagaye garinsa da su, wata a bayan wata, da hasumiyoyi cike da maharba, sannan ya harɗe hannu yana kallon samari suna karya haƙora a jikin dutse. Ranar da ta dame shi da maganar bango, sai ya yanke mata sharaɗi: ya ba ta dama uku. In dokinta ko ɗaya ya taka tsakiyar garinsa a cikin wasan, ta fasa bangon gaske. In ta gaza sau uku, ta bar maganar har abada, ta kuma yi wa bangon sabon fenti da hannunta. Biyu sun tafi. Yau ce ta ukun.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro burushi sabo fil, ya ɗora a gabanta.

"Ga tsarabarki. Fari nake so. Shafa biyu, kuma ki bar ta farko ta bushe kafin ki ɗora ta biyu, kada ki yi mini aikin masu sauri."

"Ajiye shi, zai yi amfani. Da shi za mu kakkaɓe ƙura in bangon ya kwanta."

"Wane bangon? Wannan? Yarinya, bangon nan ya girmi ubanki. Babbar mota ta taɓa ja da baya ta doke shi, motar aka kai gareji."

"Bara ka ce ƙaramar mota ce."

"Ta girma. Shekara guda wasa ce?"

"Kuma bangon yana tsakiyar gida. Ta ina motar ta shigo?"

"Ta inda kika shigo da rashin kunya. Wa ya tambaye ki hanya?"

"Ni dai abin da na sani, bulo ɗari biyu da goma sha shida ne. Ba wani dutsen aljanu ba."

"Ta cikin filasta kika ƙirga su?"

"Na auna tsawo, na auna tsayi, na raba."

"Kin ga abin da ya sa nake ta ɗaga ranar tarewarki. Macen da ke ƙirga bulo ta cikin filasta, tsokar miya ba za ta tsira a gidanta ba."

"Wa ya ce maka zan tare a gidan mai haƙori shida?"

"Bakwai."

"Shida. Na bakwan yana lilo, ba na sa mai shirin tafiya a lissafi."

Tsohon ya taɓa haƙorin da harshe, ya ji lallai yana motsi, ya sauya hanya.

"Tuna mini, amarya, don tsufa ya fara taɓa ni. Amalanke nawa kika kawo mini a karon farko?"

Kalkuleta ta yi kamar tana gyara wayar kwamfuta. A cikin wasan nan, babu abin da ke kayar da ganuwar dutse da sauri kamar amalanken albarushi. Amalanke ne a loda masa ganguna cike da albarushi, mutum biyu su tura shi har gindin ganuwa, su kunna masa wuta su ruga, ya tashi da abin da ya jingina da shi. Sau ɗaya yake aiki. Ga shi da nauyin tafiya, ga shi ba ya jure kibiya: in mai wuta ta same shi a hanya, nan zai tashi, kuma duk ɗan'uwansa da ke kusa sai ya tafi da shi.

"Ba ki ji ba ne? In tambayi maƙwabta?"

"Arba'in."

"Arba'in cif. Kika jero su kafaɗa da kafaɗa kamar masu ɗaukar hoton makaranta. Maharbina ɗaya, wani siriri mai dogon wuya kamar ke, ya saki kibiya ɗaya. Na farko ya tashi, ya gaisa da na biyu, na biyu ya gaisa da na uku. Har yau in na rufe ido ina ganin hasken. Ganuwata kuwa ko ɗumi ba ta ji ba."

"A karo na biyu ai na rarraba su. Na fasa maka ganuwa biyu."

"Kin fasa biyu, kika iso ta uku hannu biyu babu komai, kika tsaya kina ƙirga gawayi. Samarin nan har tausayinki suka ji. Shi ya sa yau na zo da hantsi, babu kowa. Miji nagari ba ya kunyata iyalinsa a gaban yara."

"Ko dai tsoron shaidu kake yi."

"Kunna, ki ga tsoro."

Ta kunna guda biyun da ke kan tebur ɗaya, masu juya wa juna baya, yadda babu mai ganin abin da ɗaya ke yi. Tsohon ya gyara tabarau, ya kama linzamin kwamfutar da hannun nan nasa mai kaushi kamar zai ɗora bulo, ya yi bisimilla.

Kalkuleta ta zo da shirinta a kai. Kowace ganuwa tana cin amalanke bakwai in sun doki wuri ɗaya. Ganuwa uku, ashirin da ɗaya. Maharba sukan cinye biyu cikin kowane uku a hanya. Kenan sittin da uku, a kasa su kashi uku, a bar tazara tsakaninsu. Ta raba ma'aikatanta, goma sha biyu a itace, takwas a gona, shida a ma'adinai, yatsunta suna gudu a kan madannai. Amma can ƙasan zuciyarta wani lissafin yana yi mata ƙaiƙayi: kafin ta haɗa sittin da uku, tsohon nan ya gama ta uku ya fara tunanin ta huɗu. Kullum haka ake yi. Tana tarawa, yana ƙarawa.

"Na ji shiru," in ji shi daga bayan kwamfutarsa. "Ko kin fara kuka ne in miƙo hankici?"

"Ina auna inda zan sa firij ne a ɗakin ajiyarka."

"Firij. A inda digata take kwana."

"Digar da rabonta da ƙasa tun ina goye."

"Tana hutawa ne. Ta yi aikin da ke da kwamfutocinki goma ba za ku yi ba. Da digar nan na haƙa rijiyar da sai da muka jiyo mutanen ƙasan duniya suna tari."

"Me suka ce?"

"Suka ce in gaishe da jikata mai ƙirga tsintsiya."

Ta yi dariya ba ta so ba. Amalankenta na uku ya fito daga maƙera. Saura sittin.

Sai ta ji wani sauti. Ƙal, ƙal, ƙal. Cokali ne yake zagaya cikin kofi.

Wasanninsu biyu na baya da yamma aka yi su, shago cike da samari, wannan na ihu wancan na buga tebur, ko tsawa aka yi ba lallai a ji ba. Yau kuwa babu abin da ke motsi sai fanka. Ƙal, ƙal, ƙal. Ta tsaya. Mai juya shayi hannu biyu yake buƙata, ɗaya a kofi ɗaya a cokali. To wa ke riƙe da linzami? Ana tsakiyar yaƙi, mutum ya saki gari ya kama shayi?

Ta zaɓi doki ɗaya mai sauri ta tura shi leƙe. Ya ratsa daji, ya haye tudu, garin tsohon ya bayyana. Ganuwa ɗaya ce tak, sabuwa, an ja ta tsaf kamar da igiya. Hasumiya biyu, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, tsakiya fayau. A ciki kuwa ga maginansa goma sha huɗu a tsaye a layi, ga dutse tuli a gefensu, babu mai ɗaga hannu.

"Na ga dokinki," in ji tsohon, ya kurɓi shayi. "Ki ce masa ya kalla da kyau, ya je ya ba da labari."

"Tsoho, ma'aikatanka yajin aiki suke yi ne? Na gan su a tsaye."

"Yajin aiki a wurina? Jira suke ta sha iska."

"Wa zai sha iska?"

"Ganuwa mana. Yanzu aka gama ta. Ana jingina sabon gini a jikin ɗanye ne? Sai ta kama jikinta tukuna, sannan a ja ta biyu. Lokacin shan kofi ɗaya nake ba ta. Ke da kika tashi a gidan magini, wannan ma sai an gaya miki?"

Kalkuleta ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe: tsoho, hoto ne fa, babu siminti a cikin kwamfuta, ganuwar nan yadda take yanzu haka za ta kasance har a kashe wuta. Ta kalli maginan nan goma sha huɗu da ke tsaye suna jiran hoto ya bushe. Ta kalli bangon hagu. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Ashe duk wasannin da aka yi, akwai lokacin da garin nan ke zaune da ganuwa ɗaya, ita kuwa tana can gida tana cika lissafi.

"Gaskiyarka," ta ce. "Aikin gaggawa ba shi da kyau. Ka bar ta ta bushe sosai."

"Yau kuma? Me kika ci da safe?"

"Ladabi. Kawo kofin in ƙara maka, na ga ya yi rabi."

Ta miƙa hannun hagu ta zagaya kwamfuta ta tsiyaya masa daga fulas har baki, yana tururi, hannun dama kuwa yana kan linzami. Ta kwashe ma'aikatan gona kaf ta tura itace da ma'adinai. Ganuwa ɗaya, bakwai. Hasumiya biyu kacal, kuma suna nesa, a ce su ci biyu. Tara. Lambar ta yi mata ƙanƙanta. Ita da ta zo da sittin da uku a kai, ta fita yaƙi da tara? Ji ta yi kamar za ta fita unguwa da takalmi ƙafa ɗaya. Ta sake lissafawa. Tara dai.

"Kin cika shi da yawa, ga zafi," in ji tsohon yana hurawa.

"Sha a hankali, kada haƙori na bakwan ya faɗa ciki. Ba ni labarin motar nan mana. Direban ya rayu?"

"Ya rayu, amma bai ƙara tuƙi ba. Ya zo ya durƙusa ya ce in koya masa gini."

Amalanke na biyar ya fito daga maƙera. Na shida.

"Ka koya masa?"

"Na gwada. Hannunsa kamar naki, bulo ɗaya sai ya juya shi sau goma yana neman gabansa. Na ce ya je ya nemi aikin ƙirga, ko Allah zai haɗa shi da mata irinsa."

"Allah sarki. Motar fa, wane launi ce?"

Na bakwai.

"Ja. A'a, shuɗiya. Da ja ce, da ta doki bangon ta koma shuɗiya." Ya leƙo ta gefen kwamfuta. "Ke, tun yaushe kike son labarina? Shekara ashirin ina ba ki kina toshe kunne."

"Girma ne ya zo mini."

Na takwas. Na tara. Ta haɗa su da dawaki biyar, duk abin da ta mallaka kenan, ta fito da su. Amalanken suna tafiya kamar masu ciwon baya, ta jera su ɗaya bayan ɗaya da tazara mai yawa, yadda in wani ya tashi ba zai ja ɗan'uwansa ba. Ta leƙa ta gefen kwamfuta. Shayin ya sauka zuwa rabi.

"In ƙara?"

"Bar shi haka. Alherinki ya fara ba ni tsoro."

Da suka iso bakin daji, ta raba dawakin, uku suka yi kusurwar dama, biyu suka yi ta hagu, suna zagaye a gindin hasumiyoyin don maharba su shagala da su. Kibau suka fara sauka a kansu. Sannan ta saki amalanken, kai tsaye zuwa tsakiyar ganuwa.

Ta ji an dire kofi a tebur.

"Ke. Mene ne wannan?"

"Baƙi ne. Ka ce a zo a ga gini."

"Ɗanya ce. Ba a taɓa ɗanyen gini. Ko a yaƙi akwai tarbiyya."

"Ɗaya," in ji Kalkuleta, daidai lokacin da na farko ya jingina da dutse ya tashi. Ƙura ta turnuƙe. "Biyu."

"Guda nawa kika kawo? Ina sauran? Ke da ba kya fita sai da arba'in?"

"Uku."

Wani maharbi ya waiwayo daga hasumiyar dama ya saki mai wuta. Na huɗu ya tashi a fili, shi kaɗai, bai taɓa kowa ba.

"Yawwa ɗan albarka," in ji tsohon. "Kin ga siririn nan, shi ne na rannan."

"Na sa shi a lissafi. Huɗu. Biyar."

Tsaga ta bayyana a jikin ganuwar, baƙa, daga sama har ƙasa. Kalkuleta ta san abin da ita za ta yi da a ce ita ce a kujerarsa: ta ja gajeriyar ganuwa a bayan wurin da ake duka, shi kenan, ko an fasa ta gaba a tarar da ta baya, kuma ba ta da abin fasa ta. Maginansa goma sha huɗu suna nan, dutse yana nan. Ta ga sun motsa gaba ɗaya.

Ba su ja sabuwa ba. Kan tsagar suka rufu, suna ɗinke ta. Maginin da ya yi shekara arba'in yana ja wa baƙi hannu su shafa bango ba zai ga tsaga a gininsa ya juya mata baya ya kama wani aiki ba.

"Ku cike ta," yana ce wa kwamfutar, "ku cike ta da kyau, kada ku shafa mata a fuska kawai."

"Shida. Bakwai."

Ƙura ta lafa. Ganuwar tana tsaye. Gyaran da suka yi ya ƙara mata ɗan rai, ta rage kamar zare, amma tana tsaye.

"Bakwai kika ce ko?" Tsohon ya leƙo ta saman tabarau, haƙoran nan duka a waje. "Lissafi ya ƙare, ganuwa ba ta ƙare ba. Burushin yana gabanki."

"Bakwai ne suka doka. Ɗaya ya tashi a hanya. Tara na kawo."

Na ƙarshen yana tafe shi kaɗai a fili, a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Dawakinta sun rage biyu, sannan ɗaya. Maharban hasumiyar hagu suka juyo. Kibiya ta sauka a gabansa, wata ta sauka a bayansa, wata ta caki katakon gefensa hayaƙi ya fara tashi. Tsohon ya miƙe tsaye, gwiwar da ta hana shi hawa tsani ta manta da kanta.

"Ku harbe shi mana. Ga shi nan kamar saniya. Siriri, ina kake?"

Amalanken ya jingina da tsagar.

"Takwas," in ji Kalkuleta a hankali.

Dutse ya zube. Ta kama dokin nan ɗaya da ya rage, wanda kibau suka mayar kamar bushiya, ta kora shi ta cikin ɓaraguzan, ya ratsa tsakanin magina, ya wuce rumbuna, ya je tsakiyar gari gefen rijiya ya tsaya. Ta saki linzami.

Tsohon ya sunkuya yana kallon dokin.

"Wannan ba doki ba ne," in ji tsohon. "Dubi kunnuwansa. Jaki ne. Doki muka ce."

"Matso da tabarau."

"Kuma shayin nan ha'inci ne. An shayar da ni."

"Hidimar miji ce. Kai ka ce ba na yi."

"Kuma kin san ɗanya ce kika doka."

"Tsoho, hoto ne. Babu siminti a ciki. Ba ta bushewa."

"Na sani," ya ce. Ya koma ya zauna, ya kalli hannunsa na dama, ya juya shi. "Tun ranar farko na sani. Hannun nan ne bai sani ba."

Ya ɗan jima yana kallon ɓaraguzan da ke fuskar kwamfutar. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda take farawa daga ciki, har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Tara. Samari ashirin sun yi wata da watanni suna kawo mini runduna, ashe tara ne da kofin shayi." Ya nuna ta da tabarau. "Duk wanda ya tambaya, ki ce jikar magini ce ta fasa. Bare bai isa ba. Sai da aka dawo cikin gida aka samo mai irin kaina."

"Yanzu kuma kanka ne? Ɗazu ka ce dogon wuya gare ni."

"Wuyan na dangin uwarki ne. Kan nawa ne."

Ya tashi ya tsallake kwalayen ya fita. Ta ji ƙarar kwaɗon ɗakin ajiya, ta ji ana ture kwanon sarki, ta ji tari. Ya dawo da ƙura a hula, yana jan wata guduma mai ƙota baƙa sumul saboda shekarun riƙo. Ya jingina ta da teburinta, ya ɗora mabuɗin ɗakin a kan burushi.

"Ga sadakinki. Da ita na fara aiki. Ban taɓa ara wa kowa ita ba, ko ubanki."

Kalkuleta ta kama ƙotar da hannu biyu ta ɗaga da ƙyar. Ta sunkuya tana duba kan gudumar.

"Kilo biyar za ta yi," ta ce.

"Ajiye kafin ki karya ƙafa in rasa mai zuba mini shayi."

"Gobe da safe zan fara. In na kwashe layi uku-uku a rana..."

"Za ki fara me?" Ya je jikin bangon ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ɗauki alƙalamin da take rubutu a kan kwali ya ja dogon layi can sama, miƙaƙƙe kamar an sa ma'auni. "Kin ɗauka wannan ma hoto ne? Rufin ɗaki biyu ne a kansa. Ki doke shi daga ƙasa, ki kwana da kwano a ka, ke da kwamfutocinki goma. Sai an tokare rufi, an buɗe nan sama, an sa rodi an zuba linta ta kankare da za ta riƙe rufin. In ta kama, sannan a cire na ƙasa, bulo ɗaya-ɗaya, kuma ni zan cire na farko. Ba wanda zai rusa ginina ina zaune ina kallo kamar baƙo."

"To lintar kwana nawa take yi kafin ta bushe?"

"Ba a ƙirgawa. Taɓawa ake yi."

"Wa zai taɓa?"

"Wa kike gani?"

Ta kalli kwalaye shida da ke bakin ƙofa. Ta kalli layin da ya ja a bango. Ta kalli tsohon, wanda ya riga ya koma kujerarsa ya miƙe ƙafa, haƙora shida da mai lilo duk suna waje.

Ya turo mata kofin da ɗan yatsa.

"Zuba mini, amarya. Cika shi har baki, mai zafin nan. Ba sauri nake ba."